Yadda Ake Gano Yoyo da Tattalin Ruwan Famfo a Gidajen Katsina

Ruwan da Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Katsina take turowa cikin birni yana fitowa ne daga madatsar Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Batagarawa, da kuma madatsar Zobe ta Dutsin-Ma, wadda aka ƙaddamar da aikin jawo ruwanta a 2021. Kafin ya iso famfon gida sai an tace shi, an sa masa magani, an kuma tura shi da injuna masu cin wuta da mai, saboda haka abin takaici ne a ce ya ƙare a kwata. Yawancin asarar da ake yi a gida ba a gani da ido, sai an bi ta mataki-mataki.

A fara da tanki. Da daddare, bayan kowa ya gama amfani da ruwa, a rufe dukkan famfunan gida, a yi alama da alli a daidai inda ruwan ya tsaya, sannan a duba da asuba kafin a ɗebi na alwala. Idan ya sauka, akwai yoyo a wani wuri, kuma a nan ne ya kamata a zagaya gida ana neman bangon da ya jiƙe, ko ƙasar da take da danshi cikin rani, ko ciyawar da ta tsiro ita kaɗai a kan hanyar bututu. A kuma duba ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika. A ganina nan ne babbar ɓarna, domin ruwa kan zo ne a lokacin da ba a zata ba, wani lokaci cikin dare, tanki ya cika ya yi ta ambaliya har gari ya waye.

Daga nan sai masai mai tankin ruwa. A zuba bula kaɗan a cikin tankinsa, a bar shi minti 15 ba a kora ba. Idan launin ya bayyana a kwanon masai, robar da ke toshe ƙasan tankin ta lalace, sai a canza ta. Haka ma kan famfo: wanda yake ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, wato fiye da jarka guda ta 'yan ga-ruwa, alhali gyaransa bai wuce sabuwar roba da mai gyaran famfo zai sa cikin ɗan lokaci ba.

Sauran aikin na ɗabi'a ne. A yi alwala da buta maimakon sakin famfo, tun da ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda irin na zamaninsa, wanda bai kai lita ɗaya ba. Ruwan ɗaurayar kaya ya isa wanke tsakar gida, na wanke shinkafa da kayan miya kuma a zuba wa zogale da yamma. Da damina a tara na indararo bayan ruwan farko ya wanke kwanon rufi, domin kowace milimita ta ruwan sama tana ba da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi.

Abin da ya wuce ƙofar gida kuwa na hukuma ne. Idan bututu ya fashe a kan titi, kada a ce wani zai faɗa. A kai rahoto ofishin hukumar, ko ta hannun mai unguwa, tare da bayyana unguwa da layi da wata alama ta kusa. Kada kuma a haɗa injin zuƙo ruwa kai tsaye da babban bututu, domin yana hana maƙwabta na ƙarshen layi samu, kuma yana iya jawo ruwan kwata ta wuraren da bututun ya tsage.