Yadda za a tattara tarihin tsohuwar majami'ar ƙauye a ƙasar Tangale

Wanda yake son rubuta tarihin majami'ar ƙauyensu ya fara da dattawa tun suna raye, ya gaishe su yadda ya kamata, sannan ya tambayi wanda ya ba da filin da kuma inda aka fara taruwa, domin sau da yawa a gindin bishiya ko a rumfar kara aka soma sujada kafin a kafa harsashi.

A riƙa auna abin da suka faɗa da shekarun da aka tabbatar. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun iso Kaltungo ta ƙasar Tangale a 1917, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, an kuma kafa ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, a 1954. Rajistar baftisma da ta aure za su cike sauran giɓin.

Daga nan sai a koma ga ginin kansa, wanda a ganina shi ne shaidar da aka fi yi wa sakaci. A duba ko harsashin na dutse ne, a auna kaurin bangon, a lura da wurin da tubalin ƙasa ya ƙare bulon siminti ya ɗora, domin a nan ne aka faɗaɗa ginin da jama'a suka ƙaru. A ƙwanƙwasa katakon rufi da sanda, idan ya yi ƙarar holoƙo to gara ta cinye cikinsa. Kada a yi wa tsohon bangon ƙasa yaɓen siminti, saboda yana riƙe danshi har bangon ya ruɓe ta ciki. A ɗauki hoton kowace kusurwa, har da ƙarfen da ake bugawa a kira masu sujada.