Yadda Za Ka Karanto Bayanan Hoto da Python

Ana ta tambayata yadda za a gano girman hoto, da wayar da ta ɗauke shi, da ranar da aka ɗauka. Ga matakan, da Pillow, wato kunshin Python na sarrafa hotuna.

1. Girka shi: `pip install Pillow`

2. A saman fayil ɗinka rubuta: `from PIL import Image, ExifTags`
A kula: sunansa Pillow wajen girkawa, amma PIL wajen kira. Nan da yawa ke tuntuɓe.

3. Buɗe hoton: `hoto = Image.open("biki.jpg")`

4. Duba girmansa: `print(hoto.size)`
Faɗi ne ke zuwa farko, sannan tsayi.

5. Duba nau'insa: `print(hoto.format, hoto.mode)`
Ko an sauya wa PNG suna zuwa .jpg, a nan asirinsa zai tonu.

6. Ɗauko bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke adanawa a cikin hoto: `bayani = hoto.getexif()`

7. Lambobi za ka gani, sai ka mayar da su sunaye da `ExifTags.TAGS`. Lamba 271 kamfanin wayar ne, 272 kuma samfurinta.

8. Ainihin ranar ɗauka tana can ciki: `bayani.get_ifd(0x8769).get(36867)`
Kar ka dogara da ranar da ke lamba 306, don takan canza idan an gyara hoton.

9. Wurin da aka ɗauka: `bayani.get_ifd(0x8825)`

Gargaɗi: hoton da ya biyo ta WhatsApp galibi ba ya zuwa da komai, an share bayanan a hanya. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil. Hoton allo (screenshot) ma ba ka samun ranar kyamara a cikinsa.