Kurakuran da aka fi yi wajen jona fitila, caja da ham a babur

Yawancin baburan da ke kan titi, irin su Boxer, Jincheng da Haojue, batirinsu ɗan ƙarami ne, bolt 12, ƙarfinsa bai cika wuce 5 zuwa 7 Ah ba (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa ne), kwayil ɗin da ke masa caji kuma an yi shi ne daidai kayan da babur ya zo da su. Duk abin da za a ƙara sai an yi masa lissafi.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne jona waya kai tsaye daga kan batir ba fis. Ranar da wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, za ta yi ja ta narke, kuma yawanci ƙarƙashin tankin mai take bi. A sa fis a wayar fozitif dab da batir, kada ya wuce santimita 15 daga kansa, domin duk abin da ke tsakanin batir da fis ba shi da kariya. Girman fis ɗin kuwa, a raba wat na kayan da 12, abin da ya fito shi ne amfiyar da suke ja, sai a zaɓi fis mai lambar da ta ɗan fi haka. Fitilu biyu na LED masu wat 10 kowace suna jan kusan amfiya 1.7, fis mai lamba 3 ya ishe su. Cajar wayar salula, 2 ko 3. Idan fis ya ƙone, a nemo dalili. Masu naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin taba sun cire fis ɗin ne gaba ɗaya, ko da suna ganinsa a wurinsa.

Sai ɗaukar wuta daga wayar babbar fitila. A ƙananan babura da dama, fitilar gaba daga kwayil take shan wutar AC, wato mai kai-komo, shi ya sa haskenta ke ƙaruwa in an murɗa totur. Caja da LED wutar DC suke so, wato irin ta batir. In aka jona su a nan, fitila ta riƙa ƙiftawa, caja ta mutu da wuri. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe makulli ba a tada inji ba, a kunna fitilar gaba. In fitilar gaba ba ta kama ba, kada a taɓa layinta.

Wasu kuma suna gudun wannan sai su kai caja kan batir, ta zauna da wuta dare da rana. Ko ba wayar salula a jikinta tana ɗan jan wuta. Caja mai jan miliamfiya 20 za ta cinye fiye da 3 Ah a mako guda, wato fiye da rabin batir mai 5 Ah. A nemi layin da ba ya kawo wuta sai an buɗe makulli. A nan ne launi ke yaudarar mutane: a baburan da suka bi tsarin Honda, har da na China da yawa, baƙar waya ita ce mai wutar makulli, koriya ce nagatif. A Yamaha kuwa baƙar ce nagatif. Kada a yarda da launi, a sa mita ko kwan gwaji.

Ham mai ƙarfi, musamman tagwaye, na iya jan amfiya 6 zuwa 8, maɓallin da ke hannun babur ba zai jure ba. Rile ake sawa, wato ɗan akwati mai ƙafafu masu lamba da ke ɗauke wa maɓalli nauyin wutar. Ƙafa mai lamba 30 ta tafi batir ta cikin fis mai lamba 10, 87 ta tafi ham, 85 da 86 su karɓi wayoyi biyun tsohon ham. Wayar ta kai kaurin milimita 1.5. Siririyar wayar sifika ba ta wannan aikin ba ce.

Nagatif ma ana wasa da shi. Ɗaure shi a hannun babur ko ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba yana sa wuta ta bi ta boris mai giris, fitila ta riƙa ɗaukewa a gargada. A kai shi kan noti na jikin firam, a kankare fenti da tsatsa, ko a mayar da shi batir.

Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya wuce damina ɗaya. Zafi ya saki gam, ruwa ya shiga. A liƙe da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. A nisanta waya daga salansa da kan inji, a bar mata sarari a wuyan babur, sannan a juya kai hagu da dama har ƙarshe a ga ba ta miƙe ba.

Kafin a fara aiki a cire nagatif na batir, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. In an gama, a tada inji, a kunna duk kayan, a ɗan ba da wuta, a auna kan batir. Tsakanin bolt 13.5 da 14.5 lafiya. In ya tsaya ƙasa da 13, kaya sun fi ƙarfin kwayil, sai a rage, ko a sauya kwan fitilar baya da na sigina zuwa LED. Na sigina yakan buƙaci a sauya filasha ma, wato abin da ke sa sigina ƙiftawa.