Yadda wakilin aji zai sauya lokacin lakca idan kwasa-kwasai sun ci karo

Duk farkon zangon karatu akan liƙa jadawalin wucin gadi a allon sanarwa, kuma da wuya a yi kwana uku ba ka ji wani yana kukan lakcocinsa biyu sun faɗo lokaci ɗaya ba. In kai ne kilas ref, wato wakilin aji, a kanka za a sauke kayan.

Fara da tabbatar da cewa karon na gaske ne. Ɗora fom ɗin rajistarka a kan jadawalin. Kwas mai yunit 2 awa biyu yake ci a mako, mai yunit 3 awa uku. Rubuta lambobin kwasa-kwasan biyu, da rana, da lokaci, da ɗaki, sannan ka tattara sunaye da lambobin rajistar waɗanda abin ya shafa. "Mu da yawa ne" ba ta tayar da kowa daga kujerarsa a ofis, amma takarda mai sunaye 40 tana yi.

Sai ka duba wanne ne zai iya motsawa. Kwas ɗin GST, wato na gama-gari da ake tara ɗalibai daga tsangayoyi da dama a babban ɗakin lakca, kada ka ɓata bakinka a kansa. Haka wanda kuke ara daga wani sashe. Na sashenku shi ne mai sauƙin ɗagawa.

Aikin yana wajen nemo gurbin da za a mayar da shi. Kada ka tsaya kan 'yan ajinku kaɗai. Nemi masu kari-oba, wato masu maimaita kwas ɗin da suka faɗi, domin su ƙafarsu ɗaya na ajinku, ɗaya na aji na gaba, kuma su ne aka fi mantawa da su har sai ranar tes. Tambayi 'yan DE, wato masu shiga jami'a kai tsaye ba daga ajin farko ba, waɗanda sau da yawa suna da kwas na ƙasa da suke cikewa. Cire lokacin sallar Juma'a gaba ɗaya. Lakcar da za ta kai goshin magariba kuma, tuna da masu hawa mota zuwa cikin gari da matan aure masu yara a gida. Ga kuma tazara: a Jami'ar Bayero, wanda ya tashi daga tsohuwar jami'a ƙarfe 10 ba zai zauna a aji a sabuwar jami'a ƙarfe 10 ɗin ba, haka tsakanin Samaru da Kongo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Fitar da gurbi biyu, kada ka tafi da ɗaya.

Daga nan sai ɗaki. Je ka gani da idonka a daidai ranar da lokacin. Ɗakin da jadawali ya nuna babu kowa, sau da yawa wani ajin ya riga ya mamaye shi ba tare da an rubuta ba.

Yanzu ne za ka je wurin malamin kwas ɗin. Gaishe shi, nuna masa sunayen, ka ce, "Malam, ga lokuta biyu da muka duba, wanne ya fi maka?" In ya amince, kada ka tsaya a yardar baki. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga jami'in jadawali ta hannun kodinetan ajinku ko shugaban sashe, ka riƙe kwafi. In ba a shigar da sauyin a jadawali ba, ranar da mai ɗakin na asali ya zo, fita za ku yi da littattafanku a hannu.

Sanarwa sau ɗaya, a rubuce, a guruf ɗin WhatsApp da kuma allo: kwas, sabuwar rana, lokaci, ɗaki, da ranar da za a fara. Jami'o'i da dama suna buƙatar halartar kashi 75 cikin 100 kafin a zauna jarrabawa, saboda haka kira waɗanda ba su da data a waya.

Ajiye jerin sunayen nan. Idan jadawalin jarrabawa na wucin gadi ya fito, waɗannan kwasa-kwasai biyu za ka fara dubawa.