Darasi na 7: Tafiyar Abinci Daga Baki Zuwa Bayan Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a kwatar Oko-Oba da ke Agege ya ga yadda ake zaro hanjin saniya, a yi ta ja bai ƙare ba. Mu ma haka cikinmu yake, sai dai tumbin saniya ɗaki huɗu ne, namu ɗaya. Hanyar abinci a jikin babban mutum, daga baki zuwa dubura, ta kai kusan mita 9.

Daga baki aikin yake farawa. Haƙora 32 su niƙa, miyau ya jiƙa loma ya fara narka ta tun kafin a haɗiye. Mai haɗiyar teba da gaggawa don lodi na jiransa ya bar wa tumbi aikin haƙora ne.

A tumbi akwai ruwa mai tsananin tsami da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Nan ake dama abinci na awa 2 zuwa 4 har ya koma kamar kunu. Bari mu tsaya kan olsa kaɗan, tunda kowa cewa yake yunwa ce ke kawo ta. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, kuma tana jin magani. Ɗaya sanadin shi ne yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen, abin da wasu 'yan dako da 'yan okada suke yi da dare. Wannan al'ada tana cin tumbi, a rage ta.

Daga tumbi sai ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6. Hanta tana aiko masa da ruwan matsarmama don narka kitse, shi kuma ya tsotse amfanin abinci ya zuba a jini. Ruwan matsarmamar nan ne ke ba bayan gida launinsa.

Abin da ya rage sai ya shiga babban hanji, mita ɗaya da rabi. Aikinsa janye ruwa daga tarkacen, kuma nan ne damuwar yawancinmu take a Legas. Mutum ya karya da shayi da burodin Agege, da rana ya ci Indomie, ba ganye ba wake. Yana ƙin shan ruwa don gudun neman wurin fitsari. Bayan gida ya matse shi a cikin danfo, go-sulo ya riƙe su, ko kuma ya ji ƙyashin biyan kuɗin bayin kasuwa, sai ya danne. Duk lokacin da tarkacen ya ƙara zama, hanji na ci gaba da janye ruwansa, har ya bushe ya yi tauri. Sai yunƙuri, sai jini, sai a ce basir, a tafi wajen mai jarkar magani. Kafin nan a gwada ruwa isasshe, wake, zogale, miyar kuɓewa, gwanda da lemo, kuma kada a riƙe idan ya zo. Ba dole ne sai kullum ba: daga sau 3 a rana zuwa sau 3 a mako duk lafiya ne. Amma jinin da ke dawowa, ko bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi, na asibiti ne.

Gudawa kishiyar wannan ce. Tarkace ya wuce da gudu, ruwan jiki ya bi shi. Rashin ruwan nan ne ke kashe yara, shi ne kuma ya ɗauke mutane a kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024. Idan babu ORS na leda a kusa, wato garin gishiri da sukari da ake damawa don mayar da ruwan jiki, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya-wata, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ba mara lafiya kaɗan-kaɗan, mai shayarwa kada ta daina ba da nono, a kama hanyar asibiti.

Aikin aji: kowa ya rubuta kalmomin nan a littafinsa, baki, tumbi, hanji, hanta. Gobe a zo da ƙaramin cokali daga gida, za mu auna sukari da gishiri tare da malam.