Yadda ake lissafin BMI da tef ɗin awo da sikeli

Ranar da na fara gwada wannan lissafi da kaina, 48.8 na gani a kalkuletar waya, sai da gabana ya faɗi. Na san duk wanda ya haura 40 yana cikin matsananciyar ƙiba, ga shi kuma ciwon suga ne ya yi ajalin mahaifinmu, shi ya sa ba na ɗaukar maganar nauyi da wasa. Da abin na kwana a raina. Washegari ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta karɓi wayar ta duba, ta ce: "Yaya, ai sau ɗaya ka raba. Sau biyu ake yi." Tun daga ranar na riƙe ƙa'idar, kuma ita zan nuna maka da alkaluman jikina.

BMI ma'auni ne da ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa. Ana ɗaukar nauyi da kilo, a raba shi da tsawo da mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Nauyina a lokacin kilo 84 ne, tsawona mita 1.72. Idan ka raba 84 da 1.72 za ka samu 48.8, inda na tsaya ke nan na tsorata kaina. Sake raba 48.8 da 1.72, sai ka samu 28.4. Wannan ne BMI ɗina na gaskiya. Wasu sun fi son su fara ninka tsawon da kansa, wato 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, sannan su raba nauyin da shi. Duk hanya ɗaya ce.

Lissafin bai fi minti ɗaya ba. Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin awo, musamman na tsawo. Yawancinmu tsawon da muke faɗa wanda aka taɓa rubuta mana ne shekaru da dama baya, ko wanda muke zato. Ka cire takalmi da hula, ka tsaya a ƙasa mai tauri, dugaduganka da bayanka su taɓa bango, idonka na kallon gaba sak. Wani ya ɗora littafi mai taurin bango a kanka a kwance, gefensa ya manne da bangon ɗaki, ya ja layi da fensir a ƙarƙashinsa. Daga nan sai a auna daga ƙasa zuwa layin. Idan tef ɗin tela ne a hannunka, ka lura yawancinsu a santimita 150 suke ƙarewa, sai ka yi alama a nan, ka auna ragowar ka haɗa. Na gwada na gani: da takalmi mai tudun santimita 3, tsawona ya koma 1.75, BMI ya sauko zuwa 27.4. Maki ɗaya cur takalmi ya ɓoye mini.

Shi kuwa sikeli, kada ka ɗora shi a kan kafet, yana ba da lambar ƙarya. Ka hau da safe bayan ka zagaya, kafin ka ci komai, da tufafi marasa nauyi.

Idan da santimita ka auna, raba da 100 ya koma mita: 172 ya zama 1.72. Idan da ƙafa da inci ka san tsawonka, ƙafa ɗaya inci 12 ce, inci ɗaya kuma santimita 2.54. Mai ƙafa 5 da inci 8 yana da inci 68 ke nan, kusan santimita 173. Idan sikelinka da fam (lb) yake aiki, raba da 2.2 ka samu kilo.

To, me lambar take nufi? A rabon Hukumar Lafiya ta Duniya na manya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce. Ni da 28.4 ina sahu na uku, saura kaɗan in tsallaka. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne juya lissafin baya: na ninka 2.96 da 18.5, sannan da 24.9, sai na ga nauyin da ya dace da tsawona yana tsakanin kilo 55 zuwa kusan 74. Ka yi naka haka, domin "kilo 10 ne ya yi mini yawa" ya fi shiga kai a kan lamba mai ɗigo.

Amma ka san iyakar wannan ma'auni. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi a ƙarni na 19 yana nazarin jikin jama'a a dunƙule, kuma sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da muke kiransa da shi yanzu. Bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ina da aboki mai ɗaga ƙarfe, tsawonmu ɗaya, nauyinsa kilo 88, BMI ɗinsa 29.7, ya fi nawa, alhali cikinsa a shafe yake, ni ne mai tumbi. Haka kuma tsoho wanda tsoka ta zube masa zai iya fitowa "daidai" bayan kitse ya taru a cikinsa. Mai juna biyu ba ta amfani da wannan rabo. Yara da matasa ana lissafa musu, amma da jadawalin shekaru da jinsi ake fassara nasu, aikin asibiti ne. Mutanen Asiya da yawa ma haɗarin ciwon suga kan fara musu tun daga BMI 23.

Saboda haka nake roƙonka, tunda tef na hannunka, ka auna ƙugu ma. Ka lalubo ƙarshen haƙarƙarinka da saman ƙashin kwatangwalo, ka zagaya tef a tsakaninsu, ka saki numfashi, kada ka tsuke ciki. Ana so ƙugu ya gaza rabin tsawo. Rabin nawa santimita 86 ne, na auna na samu 97. Wannan lamba ce ta kai ni gwajin suga da hawan jini, domin kitsen ciki shi ya fi tafiya da waɗannan cututtuka.

Likitan da ya duba ni bai ce in zubar da kilo 10 a wata ɗaya ba. Ya ce ko kashi 5 cikin 100 na rage, wato kilo 4 da ɗan kai, jiki zai ji bambanci. Layin fensir ɗin yana nan a bangon ɗakina, sikeli kuma sau ɗaya nake hawa a farkon kowane wata, in rubuta a takarda. Awon da na yi na baya-bayan nan kilo 80 ne, BMI 27.0, ƙugu santimita 93.