Yadda Nake Tantance Mai Neman Haya Kafin In Miƙa Makulli

Na taɓa ba wani mutum gida saboda daɗin bakinsa, na yi wata takwas ina bin kuɗina. Tun daga nan na sauya tsari.

Kowa sai ya cike takarda iri ɗaya: suna, wurin aiki, inda yake zaune, mutum nawa za su tare. Ina duba katin shaidarsa da idona, sannan takardar albashi ko bayanin asusun banki na wata uku. In hayar ta haura kashi ɗaya cikin uku na samunsa, ko mai gaskiya ne zai sha wuya.

Inda na fi dagewa shi ne tsohon mai gidansa. Kada ka tsaya ga na yanzu kaɗai, yana iya yabonsa don ya rabu da shi. Nemi wanda ya gabace shi, ka tambaya: yana biya a kan kari? Ya bar gidan lafiya? Za ka sake ba shi?

Nemi izininsa a rubuce kafin ka bincike shi. Ƙabila da addini kuwa ba na tambaya, zalunci ne a hana mutum muhalli saboda su.